Rautar Mutum Biyar

Ranar da ma'aikacin tsohon kamfaninmu na intanet ya zo kwance rautarsu daga bangon falo, Maigida har gindin matakala ya raka shi, yana ƙarasa faɗa masa abin da ya daɗe yana cin ransa. Bawan Allah yana rungume da akwatin, waya na jan ƙasa a bayansa, ba abin da yake cewa sai "a yi haƙuri, Yallaɓai."

Mun sha wahalar kamfanin nan. Ni ɗinkin labule nake yi a gida, a ƙaramin ɗakin da ke can bayan kicin, kuma rabin cinikina a waya yake. Sai in tura wa mace hoton yadi, hoton ya yi ta juyawa yana juyawa, kafin ya isa ta riga ta canja ra'ayi. Yaranmu biyu kuwa idan aka ba su aikin makaranta na intanet, sai an haɗa da addu'a. Maigida ya kira kamfanin har ya haddace waƙar da suke sa wa mai jira, wani lokaci ma in ji shi yana rera ta a banɗaki bai sani ba.

Sabon kamfanin da muka koma suka zo suka ja wayarsu har falo, suka bar bakinta yana lilo kusa da talabijin. Suka ce rauta, wato akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke raba intanet a cikin gida, ko mu karɓi tasu haya wata-wata, ko mu sayi tamu. Maigida ya ce haya ɗaya ta ishe shi, ta gidan da muke ciki. Saya za mu yi, mai sauƙin kuɗi.

Da na ji haka na san za mu daɗe. Maigida a asibiti yake aiki, sashen ɗaukar hoton ƙashi, kuma yadda yake ƙura wa hoton haƙarƙari ido haka yake ƙura wa duk abin da zai saya. Sai ya karanta, ya tambaya, ya gwada wannan da wancan, ya kwana a kai, ya tashi da sabuwar tambaya. Don haka gidanmu ya zauna ba intanet, muna ta lallaɓa datar waya.

Gidan da muke haya bene ne, shaguna a ƙasa, mu a hawan farko. Daidai ƙarƙashin falonmu shagon Mai Aski yake. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Samanmu kuma wani dattijo ne, tsohon direban jirgin ƙasa da ke zaune shi kaɗai, muna kiransa Baba na Sama. Tsakaninmu da su gaisuwar matakala ce kawai, in ban da Inna, mahaifiyar Maigida, da ke zaune tare da mu. Ita Inna ko da sandar fitila aka bar ta sai sun yi hira.

Washegarin cire rautar, da la'asar, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Mai Aski, wanda tun da muka tare ban taɓa ganin ya hawo matakalar nan ba.

"Madam, sannu da gida. Oga yana nan? Na ji shiru ne kwana biyu."

"Shirun me?" Maigida ya tambaya daga kan kujera.

"A'a, shiru dai. Ban ga ka sauko aski ba."

Maigida ya shafa kansa da aka aske shekaranjiya, ya ce ya shigo. Mai Aski ya zauna a bakin kujera, idonsa na kan ramukan kusa biyu da tsohuwar rautar ta bari a bango. Da ya ji labarin, sai ya gyara zama.

"Oga, in za ka saya, sayi mai ƙaho da yawa. Shida ko takwas. Irin wadda ke huda kankare. Kuma kada ka rataye ta a sama, ƙasa-ƙasa ake ajiye ta, kusa da daɓe. Sabis nauyi gare shi, ƙasa yake bi."

Maigida ya ce bai taɓa jin haka ba, amma zai bincika.

Bayan shi Nas ta shigo da abin awon jininta, kamar yadda takan yi wa Inna lokaci-lokaci. Tana matsa robar tana kallon wayar da ke lilo.

"Au, Yaya, kun cire ne? To in kun sayo sabuwa ku sa ta kusa da ƙofar shigowa. A wurin aikinmu duk a bakin ƙofa suke. Nan ne iska ta fi kaɗawa."

Baba na Sama kuwa a matakala ya tare Maigida yana dawowa daga aiki, ya riƙe masa hannu ya daɗe bai saki ba. Ya ce shi a aikin jirgi bai taɓa ganin an dasa sigina a rami ba. Duk abin da ake so ya kai nesa, sama ake kai shi. Ya ɗora ta kan kabad, in da hali ma ta taɓa silin.

Maigida ya shigo bakinsa har kunne. Shi mutum ne mai son jama'a amma bai iya fara magana ba, ya daɗe yana cewa mutanen benen nan kowa ta kansa yake yi.

"Kin gani? Ashe mu ne ba mu ba su fuska ba," ya ce yana cire takalmi. "Dubi yadda kowa ya ɗauki abin nan kamar nasa."

"Ɗaya ya ce ƙasa, ɗaya ya ce ƙofa, ɗaya ya ce silin. Wanne za ka bi, Abban yara?"

"Kowa da gaskiyarsa. Za a duba."

Inna tana gefe tana ninke kayan wanki, ba ta ce uffan ba. Da na lura da wannan shirun da na gane da wuri, don Inna ba ta barin zance ya wuce ta gabanta bai gaishe ta ba.

Ranar hutun Maigida muka shirya zuwa kasuwar kayan lantarki. Muna sauka muka tarar Mai Aski ya ja ƙofar shagonsa ya sa kwaɗo, ya saka riga mai guga. Ya ce ba zai bari a cuci Oga ba, ya san wani shago. Ranar da ya fi samun ciniki ke nan a mako, amma ya rufe. Maigida ya kalle ni irin kallon "kin ga abin da nake faɗa miki."

Layin masu kayan lantarki kamar kullum, kowane shago da lasifikarsa, kwalaye jibge har bakin titi, wayoyin caji na reto a ƙofa kamar igiyar shanya. Shagon da ya kai mu wata mata ce a ciki, doguwa, tabarau a goshi, tana taunar cingam. Ta saurari Maigida ya gama dogon bayaninsa, sannan ta sauko da kwali uku ta buɗe a kan teburin shagon.

Ta farko baƙa ce ƙatuwa, eriya takwas a miƙe, kamar gizo-gizo ya kwanta rigingine. Da ta faɗi kuɗinta sai da Maigida ya yi tari, don kaɗan ya rage ta kamo kuɗin keken ɗinkina. Ta biyu fara ce, madaidaiciya, eriya huɗu. Ta uku kuwa ba ta fi gidan sabulu ba, ko eriya ɗaya babu.

Mai Aski ya ɗora hannu kan baƙar yana shafa ta. "Oga, ga kaya nan. An gama magana."

"Ɗaki nawa ne gidan?" mai shagon ta tambaya.

Maigida ya ce ɗakunan kwana biyu, falo, kicin, da wani ƙarami a baya.

"Ku nawa ne masu hawa?"

"Mu biyar," in ji Maigida.

"Za mu kai ashirin," in ji Mai Aski.

Tare suka faɗa, a numfashi ɗaya. Mai shagon ta daina tauna. Ta kalli wannan, ta kalli wancan, ta sauke tabaraunta daga goshi ta saka, kamar tana son ta ga abin da kyau.

"Za ku kai ashirin," Maigida ya maimaita a hankali. "Ku su wa?"

"Ina nufin, in an yi baƙi. Ka san gida ba ya rasa baƙi."

"Baƙin namu ne ko naka?" na tambaye shi.

Ya sosa ƙeya, ya duba agogo, ya duba titi. Mai shagon ta sunkuya tana gyara kwalin da ba abin da ya same shi, kafaɗunta na rawa. Maigida ya yi mata godiya ya ce za mu dawo, ya fita, muka bi shi.

A bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da batir, Mai Aski ya zayyana komai. Inna ce ta ba shi lambar sirrin intanet ɗinmu, tun bara. Da farko wayarsa kawai ya haɗa. Daga baya ya haɗa talabijin ɗin shagon, saboda masu jiran layi suna son kallon ƙwallo. Su kuma masu jiran layin suka dame shi da tambaya, yana aski ana taɓa masa kafaɗa, shi ne ya rubuta lambar sirrin a jikin madubi don a huta.

"A jikin madubi," in ji Maigida.

"Can sama ne, Oga, a kusurwa. Ba kowa ke lura ba."

"Ni ma a gaban madubin nan nake zama."

"Kai ai kana rufe ido in ana maka aski."

Muka shiga mota. Mai Aski ya so ya biya kuɗin motar, Maigida ya riga shi.

Mun tarar da Inna a falo, rediyonta a cinya. Maigida ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, sannan ya ce, "Inna, ke kika ba Mai Aski lambar intanet?"

"Ni na ba shi," ta ce, ko a jikinta. "Da shi, da yarinyar nan mai duba ni, da dattijon sama. Sai mai kawo gas, shi ma sau ɗaya ya roƙa."

"Ta yaya ma kika san lambar? Ni kaina sai na duba."

"Ina ruwana da saninta? Ɗaga musu akwatin nake yi su ɗauki hoton cikinsa. Ai a rubuce take a ƙasa."

Na juya na shiga kicin don kada dariya ta ƙwace mini a gaban suruka, amma ina jin su.

"Inna, abin nan biya muke yi."

"Na sani. To ko sun sha ko ba su sha ba, ba biyan za ka yi ba? Abin da ke yawo a iska, ya fita ta taga da kansa, shi zan ce wa maƙwabci babu?"

Na dawo na zauna kusa da ita, na ce, "Inna, kamar famfo ne. In bokiti ɗaya aka tara, nan da nan ya cika. In layin unguwa ya taru a kai, kowa ɗigo zai samu."

Ta juya maganar a ranta. "To ai ba ku faɗa mini famfo ba ne. Da kun faɗa, da mai gas bai samu ba."

Da muka shiga ɗaki na kasa haƙuri. Na ce, "Abban yara, yaushe za ka kira tsohon kamfanin ka ba su haƙuri? Da yaron nan da ka raka har ƙasa?"

"Su ma ba tsarkaka ba ne. Ko ranar da shagon aski ke rufe yankewa yake yi."

"Amma dai ranar ƙwallo ya fi yankewa."

Ya zauna a bakin gado yana kallon yatsun ƙafarsa, can ya ce, "Ni na ɗauka ni suke zuwa gani."

Daga nan na bar tsokanar.

Washegari daga wurin aiki ya wuce kasuwa shi kaɗai, ya dawo da 'yar ƙaramar nan mai kamar gidan sabulu. Ya ce ita ce mafi araha, kuma ita ce daidai da mutum biyar. Ya haɗa ta, ya sa mata lambar sirri mai tsawon da sai an huta a tsakiya, ya ɓare takardar da ke manne a ƙasanta ya jefa a shara. Inna na kallonsa ta ce Allah ya ba da lada.

Gaskiya a falo abin ya yi kyau. Hoto kafin ka ɗaga yatsa ya tafi. Amma da ka sha kwanar baranda ka nufi kicin, sai sandunan sabis su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kafin ka kai ɗakin ɗinkina babu ko ɗaya. Ɗakunan kwana ma sai ka tsaya a bakin ƙofa ka miƙa hannu waje. Rautar da aka saya don kada ta kai wa maƙwabta, mu ma ba ta kai mana.

Sai gidan gaba ɗaya ya dawo falo. Yara a ƙasa da littattafansu, Maigida a kujera, Inna da rediyonta, ni kuma duk matar da ta ce in nuna mata labule a bidiyo, sai in kinkimo yadi tun daga baya, in ratsa kicin da shi, in baza a kan kujeru. Na yi magana, Maigida ya ce motsa jiki ne.

A benen kuma an shiga wasan ɓuya. Mai Aski in ya hango Maigida sai ya duƙufa kan ƙeyar wanda ke gabansa. Maigida ya ɗauke ƙafa daga shagon, ya tafi wani a bayan tasha, aka yi masa gyaran fuska ɓari ɗaya ya fi ɗaya hawa, ya yi mako yana sa hula har a falo. Nas ita kam kai tsaye ta zo ta same ni a ɗakin ɗinki. Ta ce wallahi ta ɗauka da saninmu, darussan jarrabawar ƙarin girma take saukewa, kuma kunya ta hana ta barci. Na ce ta bar shi, ba ita ta kashe zomon ba, masu ƙwallo ne. Ta auna jinin Inna ta tafi, ta ce ya ɗan hau. Inna ta ce dole ya hau, an mai da ita ɓarauniyar iska.

Baba na Sama ne bai ɓuya ba. Wata ranar hutu da hantsi ya ƙwanƙwasa, ya sha manyan kaya har da turare, wayarsa a hannu. Maigida ne ya buɗe.

"Ɗana, an ce mini ashe sata nake yi ban sani ba. Na zo in ba da haƙuri, in kuma yi roƙo, duk a tafiya ɗaya, saboda gwiwar nan ba ta son matakala." Ya ɗaga wayar. "'Yata tana wata ƙasa mai nisa, ta haihu. Yau take kirana in ga yaron. In na yi da datar waya, fuskarsa sai ta tsaya wuri ɗaya kamar hoton bango. In ba takura, in zauna nan bakin ƙofa, in mun gama in tafi."

Maigida ya so ya ci gaba da ɗaure fuska, na ga yana ƙoƙari. Amma wa zai bar dattijo da manyan kaya a kan matakala? Ya matsa ya ce, "Shigo, Baba." Ya ba shi kujerarsa, ya karɓi wayar ya shigar da lambar da kansa, yana kare ta da tafin hannu saboda Inna.

Kiran ya shigo tar, har ana ganin gashin girar jaririn. Baba ya yi ta yi masa wasa da muryar da ban taɓa zaton tsohon direban jirgi yana da ita ba. Can sai ya juya wayar ya saita Maigida. "Ga maƙwabcin nawa da nake gaya miki, likitan ƙashi."

"Ba likita ba ne, hoto nake ɗauka," in ji Maigida yana gyara hula.

"Yaya, ina wuni," in ji 'yar daga cikin waya. "Kullum Baba sai ya yi maganarku. Ya ce tun bara kuka ba shi intanet, ko sau ɗaya ba ku taɓa yi masa gori ba. Allah ya saka da alheri."

Maigida ya ce ba komai, ai yi wa kai ne. Inna ta yi gyaran murya mai ƙarfi daga inda take.

Da aka gama kiran Baba bai tashi ba. Na kawo shayi. Maigida ya tambaye shi gwiwar, Baba ya naɗe wando ya nuna, Maigida ya latsa nan ya latsa can ya ce ya zo asibiti a ɗauki hotonta. Daga gwiwa suka koma birkin jirgi, da yadda ake tsayar da tarago a gangara in ruwa ya jiƙa dogo. Har aka kira azahar suna nan.

Abin da ya kawo ƙarshen 'yar ƙaramar rautar, shayi ne. Na baza farin labulen wata mata a kan kujera ina nuna mata a bidiyo, Auta, ƙaramin ɗanmu, ya zo wucewa da kofi. Ba sai na ƙarasa ba. Matar tana kallo, ta ce, "Wannan zanen ruwan ƙasan da shi ya zo?"

Da yamma na ce wa Maigida gobe za mu koma kasuwa, kuma wannan karon ni zan yi magana. Ya buɗe baki, na nuna masa labulen a cikin baho. Ya rufe.

Mai shagon ta gane mu tun daga nesa. "Mutum biyar ko ashirin?" ta ce.

Na ce bakwai, amma biyu baƙi ne. Na gaya mata abin da nake so. Rauta wadda za ta kai ɗakin da ke bayan bango biyu. Ta ɗauki wayar sabon kamfanin da irin gudun da muke biya, ba ƙari ba ragi, don ba zan sayi gudun da ba a kawo mana ba. Kuma in akwai yadda za a yi wa baƙo ƙofarsa daban, wadda ba za ta shanye namu ba, ina so.

Ta turo mini farar nan mai eriya huɗu. Ta ce tana da layin baƙi, lambarsa daban, kuma ana iya yanka masa iyaka. Ta ce kada mu ɓoye ta a bayan talabijin, mu nemi tsakiyar gida, wuri mai ɗan tsayi da ba a rufe ba. Maigida ya karɓi kwalin ya karanta gaba, ya karanta baya, ya yi tambayoyinsa har ta canja cingam. Kuɗinta ya ɗara na ƙaramar, amma ko kusa da gizo-gizon bai je ba. Ƙaramar kuwa ta ce ba ta karɓar kayan da aka buɗe, balle wanda aka ɓare wa takarda.

A baranda muka kafa ta, kan wani ɗan katako tsakanin ƙofar kicin da ɗakin yara. Na shiga ɗakin ɗinki na rufe ƙofa, na tura hoto, ya tafi. Na sake tura wani don daɗi kawai.

Maigida da kansa ya ƙwanƙwasa wa Nas ya sa mata lambar baƙi, ya ce ta ci jarrabawa kawai. Ya hau ya sa wa Baba. Inna ta ce ita kada ma a faɗa mata, ba ta son abin da zai sake ja mata magana, sannan ta tambayi Auta a asirce ko lambar doguwa ce.

Saura Mai Aski. Shi gashi ne ya yi sulhun, don ya toho, kuma Maigida ya rantse ba zai koma bayan tasha ba. Ya sauka ya zauna a kujerar, idonsa a buɗe. An goge madubin tas. Mai Aski ya yi rabin askin kafin ya ce masu jira sun gudu shagon da ke da ƙwallo, don haka shi ma ya sa sabon kamfanin su ja masa tasa wayar. Rauta ce ta rage, kuma aljihun ba nauyi.

"Shagon naka ɗaki ɗaya ne," in ji Maigida. "Ina da wadda ba ta wuce ɗaki ɗaya. Na gwada, shaida ne ni."

Suka daidaita a tsakaninsu. Ban tambayi yadda suka yi ba, na dai ga gidan sabulun ya koma saman madubi, kusa da kwalbar man gashi.

Baba na Sama kuwa ya ce sabis ɗin ba ya isa wurinsa sosai, kankaren benen nan mai kauri ne. Don haka duk ranar kira sai ya sauko da manyan kayansa, a ga jariri, a sha shayi, shi da Maigida su ɗaga hoton gwiwarsa a hasken taga suna musu a kan ko tsufa ne ko tsohon targaɗe.

Kwanakin baya ya ce in hau in auna masa tagogi, 'yarsa za ta kawo yaron ya gan shi ido da ido, ba ya so ta tarar da tsofaffin labulen da rana ta cinye. Na ɗauki tef na hau. Ina tsakiyar falonsa wayata ta yi ƙara a aljihu, saƙonni suka shigo a jere. Na duba, sandunan sabis ɗin gidanmu a cike suke, ko ɗaya bai faɗi ba. Na leƙa ɗakin kwanansa da sunan awo, nan ma haka.

Baba yana tsaye yana kallona. Na mai da wayar aljihu, na ja tef.

"Wane launi kake so, Baba?"

"Shuɗi," ya ce. "Amma mai kauri, yaron ba ya son haske in yana barci."

Tagogin nasa ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta, ta ɗakin kwanan ma a karkace take, sai da na auna ta sama da ƙasa. Ya riƙe mini bakin tef ɗin, yana ba ni labarin wata tasha da ya taɓa wucewa bai tsaya ba saboda shugaban tashar ya yi barci a kan tutar tsayar da jirgi.